Aikin yunifom na bana: rubutun yau da gobe kan yaƙin da nake da tulin yankakken kaya

Litinin, 16 ga Yuni 2025

To Alhamdulillah an gama hidimar Babbar Sallah, teloli duk sun dawo, har wanda ya tafi ƙauye ya ce kwana uku zai yi ya yi tara. Daga yau zan riƙa rubuta abin da ke faruwa a shagon Kawu har zuwa komawar makarantu a Satumba, dan bara mun sha kunya wallahi, kuma na lura in ba a rubuta abu ba kowa da irin labarin da zai kawo daga baya. Yunifom muke ɗinka wa makarantun kuɗi a nan Kano, riga, wando, siket da hijabi. Teloli 9 ne, sai Baba mai yanka da yaronsa, mai wibin ɗaya (ɗinkin kame bakin yadi dan kar ya warware), yaro ɗaya a kan injin ƙofar maɓalli, masu guga biyu. Bajo kuma waje muke kaiwa gun masu monogiram.

Abin da ya faru bara shi ne shago ya cika maƙil da kaya har wajen sallah sai da muka ture ƙunshi, kowa na aiki ba ji ba gani, amma ranar da wani mai makaranta ya zo ɗaukar kayansa ba mu da ko dozin goma da aka gama tsaf. Wandunansa na nan, rigunan na nan, amma wannan ba maɓalli, wancan ba bajo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tulin yana cewa to duk wannan na waye? Nasa ne fa da yawa a ciki, sai dai ba wanda yaro zai iya sawa.

Bana odar da ke hannu guda 7,200 ce daga makarantu 6. Daga yau zuwa 6 ga Satumba ranakun aiki 72, kenan guda 100 kullum ba fashi, mu kuma a littafin masu guga abin da ke fita bai wuce 95 ba. Tun ba a je ko'ina ba muna bin bashi.

Alhamis, 19 ga Yuni

Jiya bayan la'asar na tsayar da kowa muka ƙirga duk abin da almakashi ya taɓa amma bai shiga leda ba. Kafin mu fara na tambayi Kawu nawa yake tsammani, ya ɗaga kai ya duba ya ce ba za su wuce ɗari biyar ba, ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Da muka gama 1,140 muka samu. 310 an yanka ba wanda ya taɓa su, 190 na hannun teloli, 150 na wajen masu monogiram, 70 na jiran guga, sai riguna 420 jibge a bayan yaron maɓalli, har ya mai da su majingina.

Lissafin da na yi wa Kawu a bayan rasit mai sauƙi ne, wani Ba'amurke John Little ya tabbatar da shi tun 1961 amma ko mai awo a kasuwa zai gane: ka raba yawan kayan da ke cikin layi da yawan da ke fita kullum, abin da ka samu shi ne kwanakin da kaya ke yi kafin ya fito. 1,140 a raba da 95, kwana 12. Sati biyu cur kenan rigar da in ka haɗa duk ɗinkinta da wibin da guga ba ta cin awa ɗaya. Sauran lokacin duk kwanciya take tana shan ƙura. Ga kuɗi, yadi da zare da gam na kowane guda kusan dubu 3 ne, wato sama da miliyan 3 da dubu 400 ne a zube a ƙasa, alhali ranar Litinin Kawu ya gama kiran mutuminsa na Kantin Kwari yana neman a ba shi bandir biyu bashi.

Ya yi shiru ya ce, "Kai Injiniya, shagon da ba kaya ai kamar gidan da ba yara ne, kwastoma ya shigo ya ga wayam zai ce mun karye." Na ce Kawu, Allah ya ja kwana, a ba ni wata ɗaya in gwada, in bai yi ba a koma yadda ake. Ya ce wata ɗaya, kar ka ƙara kwana.

Talata, 24 ga Yuni

Mun fara. Na yanka kwali na yi kati 25, na huda kowanne na zura masa igiya, kowane kati ƙunshi ɗaya ne na guda 10. Dokar guda ɗaya ce tak: Baba ba zai sa almakashi a yadi ba sai in akwai kati a hannunsa, kati kuma ba ya dawowa teburin yanka sai ƙunshinsa ya shiga leda. Ba ni na ƙirƙiro ba, dabarar Toyota ce da suke kira kanban, wani injiniyansu Taiichi Ohno ya raine ta tun wajajen 1950 da wani abu, bayan ya lura da yadda manyan kantunan Amurka ke cike kanta da daidai abin da aka ɗauka kawai. Su kowane mataki da katinsa, ni ban da ƙarfin wannan, sai na ɗauki mai sauƙin da ake kira CONWIP wanda wasu malaman jami'a a Amurka suka fitar a 1990, iyaka guda ɗaya ga layin gaba ɗaya. Da na faɗa wa teloli cewa gidan Toyota da injin saƙa suka fara kafin mota, wai kakan gidan Sakichi Toyoda har ya yi injin da ke tsayawa da kansa in zare ya tsinke, sai ɗayansu ya ce ashe 'yan uwanmu ne, aka yi dariya, ya ɗan sassauta wajen.

Tunda abin da ke ƙasa ya ninka 250 sau huɗu da ɗoriya, ma'anarsa Baba ba zai yi yanka ba har sai tulin ya sauka. Nan aka yi ta. Dattijo ne da ya fi shekara 30 yana yanka, tun kafin a haife ni, ya zo da safe ya shimfiɗa yadi na ce Baba ku yi haƙuri yau ba yanka. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, ni zaman banza ban iya ba, in korata ake so a yi a faɗa min." Na rantse masa ba haka ba ne, kuɗinsa na sati na nan, na roƙe shi ya taimaka da sa alamar maɓalli da alli a rigunan nan 420. Ya yi, amma bai min magana ba har aka tashi.

Laraba, 2 ga Yuli

Tulin ya sauka, yau ne karo na farko da kati ya koma teburin yanka. An share ƙasa an ga siminti, har muka tsinci ƙunshin rigunan bara guda 14 na makarantar da tuni ta canza kalar yunifom ɗinta, asara ce kawai. Zuwa jiya an gama 1,330.

Abin da ya fito fili da kayan suka ragu shi ne injin ƙofar maɓallin nan shi ke riƙe da wuyan shagon. Guda ɗaya ne, ba ya aiki sai da wuta, kowace riga sai ta bi ta kansa, kuma yaron shi ke sa alama, shi ke huda, shi ke ɗora maɓalli, shi ke yanke zare. Da can ba a gani saboda teloli na ta sauke masa kaya suna karɓar kuɗinsu, kowa na ganin aiki na gudu. Kamar ka ƙara adaidaita sahu ɗari a titin da ya riga ya cushe ne ka ce wai za a isa da wuri.

Laraba, 9 ga Yuli

Satin nan bai yi daɗi ba, kuma laifina ne. Kati 25 ya yi kaɗan. Ranar Alhamis wuta ta tafi tun hantsi, jen ya ƙi tashi sai bayan azahar, riguna suka taru a gaban injin maɓalli da katinsu a jiki, wasu katunan 8 kuma suna can wajen monogiram da ke riƙe kaya kwana uku, sai ga shi ba kati ko ɗaya a teburin yanka, teloli biyar masu keken ƙafa da ba ruwansu da wuta suna zaune suna danna waya. Haka aka sake yi ranar Litinin. Abin da ke fita ya faɗo zuwa 78, 80 a rana.

Kuma ga inda ban yi tunani ba sam: teloli da guda ake biyansu. Duk awar da suka zauna jiran kati daga aljihunsu take fita. Babban cikinsu ya same ni a waje ya ce, "Injiniya, mu fa ba albashi muke ɗauka ba, katinka ba zai sai wa iyalina masara ba." Gaskiyarsa ce, ban da amsa. Kawu bai ce komai ba, kallona kawai yake yana lissafa kwanakin watan da ya ba ni.

Laraba, 16 ga Yuli

Jiya ba a yi aiki ba, hutu gwamnati ta bayar na jana'izar Buhari a Daura, Allah ya jiƙan musulmi. Na samu na zauna da littafi na sake lissafi a natse.

Abin da na gane shi ne tsarin da aka gina a inda wuta ba ta ɗaukewa ba za ka kwafo shi ka dasa a Kano yadda yake ba. Ko su Toyota ɗin sun taɓa ɗanɗanawa, a Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke musu wani ƙaramin bawul na birki, abin da ke ajiye bai wuce na 'yan kwanaki ba, layukansu suka tsaya cak, sai da gomman wasu kamfanoni suka bar nasu aikin suka koma ƙera bawul ɗin sannan aka tashi cikin kamar sati guda. Abin da ya cece su ba ajiya ba ce, hannaye ne da injuna da za su iya juyawa su yi wani aikin. Mu kuma gobararmu kullum ce, ƙarama ƙarama, wuta, jen, mai monogiram, telan da matarsa ta haihu. Dole ɗayan uku: ko ka ajiye kaya a layi, ko ka ajiye hannu da inji na ko-ta-kwana, ko kwastoma ya jira. Na cire na farko ban tanadi na biyu ba, shi ya sa na uku ya hau kanmu.

Gyaran da muka yi tun ranar Alhamis: kati ya koma 40. Kayan da ke wajen monogiram mun daina kai riga sukutum, aljihun kawai ake yankawa a kai a yi bajo da yawa a ajiye, tela ya ɗauka ya ɗora, aljihu ba shi da tsada kuma duk sayiz ɗaya ne kusan, wannan shawarar ma Baba ne ya kawo ta, shi ne maganar farko mai tsawo da ya min tun rigimarmu. Sai yaron maɓalli, an sauke masa komai banda huda, alama yaron Baba ke sawa, ɗora maɓalli da yanke zare duk telan da ba shi da ƙunshi a hannu, kuma ana biyansa a kan wannan ma da guda. Sannan na roƙi Kawu a sa wani ɗan ƙari na sati da za a raba wa kowa har masu guga in abin da ya shiga leda ya haura 600, dan hankalin mutane ya koma kan abin da ya fita ba abin da ya bar kekensu ba. Ya yi ƙorafi amma ya yarda. Litinin mun fitar da 101.

Asabar, 26 ga Yuli

An gama 3,320, saura 3,880 a kwana 36, wato 108 kullum. Muna 102 zuwa 105. Watan da Kawu ya ba ni ya wuce da kwana 7 bai tada maganar ba ni ma ban tada ba.

Abu biyu suka faru satin nan da suka fi duk surutuna aiki. Na farko, ranar Talata mai guga ya ɗaga wando biyu a hasken ƙofa ya kira ni, shuɗin bai zo ɗaya ba, ɗaya ya ɗan fi duhu, a cikin shago ba za ka gane ba sai a rana. Sabon bandir ne da aka kawo, lamba ɗaya amma rinin ya bambanta. Da yake kwana huɗu ne kawai tsakanin yanka da guga yanzu, ƙunshi 3 aka yanka daga ciki, guda 30, sauran bandir ɗin aka mayar aka canzo. A tsarin da, kafin wando na farko ya iso hannun mai guga an gama da bandir ɗin har an shiga na gaba.

Na biyu, wata makaranta ta bugo wai sun buɗe ajin babbar sakandare, a rage musu ƙananan sayiz 120 a mayar manya. Kawu ya dafe kai dan ya saba irin wannan kiran asara ne, na ce masa ba a yanka ba tukuna, yadin na nan a naɗe. Abin da nake ta ƙoƙarin faɗa kenan tun Yuni na kasa samun kalmar: yadi in yana naɗe zai iya zama rigar ɗan nazire ko ta ɗan aji shida ko ma a mayar Kwari, amma da zarar almakashi ya shiga shikenan an ɗaura masa aure da sayiz ɗaya.

Baba har yanzu yana da ƙorafi ɗaya kuma ina ganin yana da gaskiya. Shimfiɗa mai kauri ta fi masa sauri ta fi kuma tattalin yadi, in ya jera fatan, wato samfurin da ake bi a yanka, sau ɗaya ya yanka hamsin ba daidai yake da ya jera sau biyar ya yanka goma goma ba. Mun tsaya a kan ya jira kati uku zuwa biyar na makaranta ɗaya su taru ya yanka tare. Ba yadda littafi ya ce ba ne amma ya fi zaman lafiya.

Laraba, 6 ga Agusta

Kawu ya karɓo sabuwar oda guda 900 bai gaya min ba sai da aka turo difozit. Na ji haushi sosai, na ce Kawu ina za mu sa su? Ya ce, "Kai da ka share shagon? Ga wuri nan." Wato shi wurin da ya gani a ƙasa ya ɗauka ƙarfin aiki ne ya ƙaru. Amma dai ban ga laifinsa can can ba, sana'ar nan wata uku ce a shekara, in ka mayar da kwastoma a Agusta ba ka san ko zai dawo ba.

Yanzu jimla 8,100, an gama 4,310, saura 3,790, kwanakin aiki 26 in an cire hutun Mauludi. 146 kullum. Mu da ƙyar muke taɓa 110.

Shawarar farko da kowa ya kawo ita ce a jefar da katin nan a yi ta yanka. Na ce ko an yanka dubu injin maɓalli ba zai ƙara gudu ba. Abin da za a ƙara hannu ne da awanni, ba tuli ba. Ga abin da muka tsara: hijabi da siket gaba ɗaya su fita daga shago zuwa matan unguwa masu keke a gida, akwai guda 6 da ƙanwar Kawu ta sani, mu yanka mu kai musu. Teloli su koma riga da wando zalla. Injin maɓalli kuma ya riƙa aiki har dare, tunda wutar layinmu ta fi zama bayan isha'i.

Matsalar ita ce mutum ɗaya ne tak ya iya injin. Tun Yuli na manna takarda a bango, sunan kowa da ayyukan da ya iya, na ce a riƙa koya wa juna, ba wanda ya kula har ni ɗin ban matsa ba, ga shi yanzu muna fafe gora ranar tafiya.

Alhamis, 14 ga Agusta

Mai wibin ya koyi injin maɓalli cikin kwana huɗu, ya lalata riguna 6 a hanya, biyu ya huda a ɓangaren da ba shi ba, mun sa a asusun koyo. Yanzu yaron na yi daga safe zuwa la'asar, shi kuma ya karɓa zuwa 10 na dare, wibin ɗin yamma wani ƙaramin tela ya riƙe. Yaron maɓalli da farko ɓoye-ɓoye ya riƙa yi, bai son nuna yadda ake saita tsawon ƙofar, sai da na gane tsoro yake kar a ce ba a buƙatarsa. Na ce masa ƙanina, kai da ko zazzaɓi ba ka da ikon yi saboda ba mai karɓarka, ai hutu aka samo maka. Aka ƙara masa wani abu na koyarwa, ya saki jiki.

Matan gida kuma ranar farko na yi kuskuren da na hana kowa. Ƙanwar Kawu ta ce a kawo da yawa dan kar a yi ta zirga-zirga, na loda mata hijabi 200 ba kati. Da suka fara dawowa sai ga na mutum biyu wuyan ya matse, sun ci ɗinki da yawa, kusan 60 sai an farke. Yanzu su ma da katinsu, 15 masu launin ja, kowace ƙunshi biyu a hannu, yaro na zagayawa da mashin safe da yamma, kuma kowace an ba ta samfur ɗaya da aka gama da ɗan kwali mai faɗin ɗinkin. Na je da kaina na gaishe su ta bakin zaure, babbar cikinsu ta ce, "Ɗana, da ka kawo samfurin tun farko da ba a yi haka ba." Na ce Hajiya gaskiya ne, a yafe ni.

Jiya 134.

Asabar, 23 ga Agusta

6,380. Saura 1,720 a kwana 11.

Ruwa ya matsa mana, Agusta ce. Ranar Talata yaron mashin bai iya shiga lungun matan ba sai washegari, kuma 'yar solar da ke ɗauke da fitilu da kekuna uku ba ta kai la'asar in gari ya yi lumshi. Kekuna ukun nan su ne muka canza wa motar da ke juya su zuwa wadda ake kira servo a farkon shekara, irin wadda ba ta juyawa sai ka taka, tsohuwar mai kuloci kuwa tun da ka kunna take ta gurnani tana shan wuta ko ba ka ɗinki. Da na san haka damina za ta yi da na matsa an canza duka, dan duk keken da inbata zai iya ɗauka keke ne da ba ya jiran kowa. Dizal dai ba a magana, tun da aka ce kuɗin mai ya tashi komai na jen ya bi shi.

Wani abu da ban zata ba, yanzu wajen toshewar ya tashi daga maɓalli ya koma guga. Mutum biyu ne da aka tsara su a kan guda 95, ga 140 na zubo musu. Na gane ne ba da lissafi ba, da safe na ga kati 13 rataye a ƙusar teburinsu. Daɗin katin kenan, inda suka taru nan ciwon yake, ba sai an yi musu ba. Muka fito da dutsen guga na gawayi guda biyu na zamanin da, yaron Baba da wani almajirin shago suka kama wanduna, riguna farare dai ba a ba su ba saboda toka.

Teloli sun gaji, ana ganin abin a ɗinki, gyara ya ƙaru. Na hana aikin dare ranar Juma'a da Lahadi gaba ɗaya duk da Kawu na so. Obataim na sati biyu ƙarfi ne, na sati biyar farke-farke ne kawai.

Litinin, 1 ga Satumba

Zuwa Asabar 7,280, saura 820. Makarantu 4 sun kwashe nasu cif, dan tun Yuli muke sakin kati makaranta bayan makaranta maimakon a taɓa na kowa kaɗan kaɗan, kuma balas ɗinsu da ya shigo da shi aka sai yadin odar ƙarshe, bana Kawu bai ci bashin bandir ko ɗaya ba tun ƙarshen Yuli. Mai makarantar nan ta bara ya zo ranar Alhamis, ya leƙa ya ga shago fayau ya fara faɗa tun daga ƙofa wai ashe ba a ma fara nasa ba, Kawu bai ce uffan ba ya buɗe masa sito.

Alhamis, 4 ga Satumba

7,890. Saura 210, duk rigunan odar ƙarshe ne, kuma ba hannu ne ya tsayar da su ba, maɓalli ne. Irin mai ruwan toka da makarantar ta zaɓa ya ƙare mana jiya da azahar, na zaga Kofar Wambai da Kwari ban samu kalar ba sai wani ya ce zai kawo daga Legas ranar Asabar. Na zauna ina ƙirga yankakken yadi wata biyu da rabi ban taɓa ƙirga kwalin maɓalli ba, abin da duka kuɗinsa bai kai na bandir ɗaya ba. Na tura wa mai makarantar hoton wani mai kama da shi ta WhatsApp ko zai yarda, ya gani bai amsa ba tukuna.

Gobe hutun Mauludi. Asabar in maɓallin ya iso za a huda a ɗora a goge a rana ɗaya, mutum huɗu sun ce za su zo. Daga Litinin aiki zai faɗi warwas sai 'yan cike-cike na sabbin ɗalibai, ina so in rage kati zuwa 20 in ga, kuma a yi amfani da zaman a koya wa mutum biyu yanka, in Baba ya yarda, ban tambaye shi ba tukuna. Matan gida sun aiko suna tambaya ko akwai aiki bayan wannan, Kawu na tunanin kayan asibiti ko na masu gadi amma ba a yi magana da kowa ba. Jajayen katunan dai na ce kar a zubar, suna cikin durowar teburin yanka.